Gem ɗin koyon karatu na yara: da wa ya kamata a zauna kafin a fara haɗawa?

Ɗan Zoo Road:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wajen malaman firamare da ke gidan nan da waɗanda suka karanci fannin ilimi. Mu huɗu ne muke haɗa wani gem na waya da zai koya wa yara 'yan shekara 5 zuwa 8 karatun Hausa, tun daga baƙi da wasali har haɗa gaɓa zuwa gajerun jimloli. Biyu masu rubuta kod, ɗaya mai zane, ɗaya mai harkar sauti. To saɓani ya shiga tsakaninmu, ni na ce tun yanzu da abin yake kan takarda mu nemi malamai biyu ko uku da wani masanin koyar da karatu da su yaran kansu mu riƙa zama da su, abokan aikina suka ce ɓata lokaci ne da kuɗi, mu gama tukuna sai mu kai makaranta a gwada, abin da aka ce a gyara mu gyara. Kuma gaskiya daga aljihunmu muke yi, babu wanda ya ɗauki nauyinmu. Me kuka gani?

Mai_Zane:
Wa alaikumus salam. Ni ne ɗaya daga cikin waɗanda aka kawo ƙararsu 😄 bari in faɗi nawa da bakina. Ba raina malamai na yi ba, Allah ya kiyaye, amma yaro ɗan shekara shida in ka tambaye shi me kake so a gem, mota zai ce maka ko bindiga ko ƙwallo, ina ruwansa da wasali. Malami kuma in ka sakar masa zai mayar maka da abin ya koma jarrabawa a cikin waya, tambaya ɗaya amsa huɗu zaɓi ɗaya, yaro ya taɓa sau biyu ya ajiye ya koma kallon katun. Shi kuwa masanin jami'a kafin ya gama jero maka sharuɗɗa shekara ta zagayo. Riƙe hankalin mai wasa aikinmu ne, shi muka koya, a bar mu mu yi, in ya kammala kowa ya zo ya gani da idonsa ya yi magana, don mutum ba ya iya ba da shawara kan abin da bai gani ba.

Malamar Aji Biyu:
Ƙanena Mai Zane maganarka ta ƙarshe haka take, sai mutum ya ga abu yake iya cewa wani abu a kai. Amma ai ba sai kun shafe wata shida kuna kod sannan za a gani ba, kwalin indomi ma in ka yanka ka zana haruffa ka shimfiɗa a tabarma ka ce wa yara ga wasan, a nan take za ka ga inda ya karye.

Bari in ba ku labarin abin da ya faru a makarantarmu. Wata ƙungiya, ba zan kama suna ba, ta kawo mana kwamfutocin hannu da gem na koyon Hausa a ciki, zanen wallahi gwanin sha'awa. Ranar farko aka zo harafin M, hoton kyanwa ya fito, su a wajensu mage ce, yarana kuwa duk kyanwa suke cewa, kowa sai ya danna K abin ya yi masa ƙarar kuskure. Wata yarinya da aka dawo da iyayenta daga Sakkwato ita kuma mussa take cewa, ita kaɗai ta ci, ba don ta fi su iyawa ba. Aka zo T aka sa hoton tunkiya, yara suka ce rago. Sannan muryar da ke ciki tana kiran haruffa da sunansu na Turanci, ei bi si, alhali ni a aji sautin nake koya musu, yaron da aka ce masa wannan "si" ce ta yaya zai karanta "cokali"? Ga shi mataki ɗaya sai ya ci kusan rabin awa kuma in ka fita bai ajiye inda ka tsaya ba, ni kuma minti talatin da biyar gare ni da yara sun haura tamanin, kafin a raba a kunna a sasanta masu faɗa an buga ƙararrawa. Da muka faɗa musu sai suka ce an riga an ɗauki muryoyi an biya mai zane, gyaran zai ci kuɗi da yawa, sai dai a zubi na gaba. Duk abin nan da na lissafa malama ɗaya za ta faɗa musu a zama ɗaya da sun tambaya tun farko. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Dakta (Tsangayar Ilimi):
Malama Allah ya saka da alheri. Wannan gardamar ta daɗe a wajen masu bincike ma. Akwai wata farfesa da ta yi aiki a Jami'ar Maryland ta Amurka, Allison Druin, tun 1998 ta haɗa tawagar yara 'yan shekara 7 zuwa 11 suna zuwa ɗakin bincikenta sau biyu a mako bayan an tashi daga makaranta, su zauna a ƙasa tare da manya ana ƙera samfur da kwali da gam da zare. A 2002 ta rubuta cewa matsayin yaro a irin wannan aikin huɗu ne. Ko ya zama mai amfani kawai da ake lura da shi bayan an gama, ko mai gwaji da ake ba shi kafin a fitar, ko wanda ake tuntuɓa a wasu matakai tun ana tsarawa, ko kuma abokin ƙira da ake tafiya da shi daga farko har ƙarshe. Mai Zane na biyu yake so, Ɗan Zoo Road kuma kamar na huɗu yake hange.

Sai dai akwai abin da zai ɗan faranta wa Mai Zane rai. A 2016 wasu masu bincike ƙarƙashin Ann DeSmet ta Jami'ar Ghent a Beljiyam sun tattara gwaje-gwajen da aka yi kan gem-gem na koyar da kula da lafiya, cin abinci mai kyau da motsa jiki da makamantansu, don su ga ko waɗanda aka ƙera tare da masu amfani sun fi tasiri. Ba su samu haka kai tsaye ba. Inda aka mayar da mutanen cikakkun abokan ƙira, tasirin bai kai na inda aka tuntuɓe su kawai ba.

Mai_Zane:
Allahu akbar. Dakta na gode, ka ji ko Ɗan Zoo Road? Gobe ka zo ofis da shayi 😂

Dakta (Tsangayar Ilimi):
A'a ƙanena dakata, ban gama ba. Na farko binciken kan lafiya ne, ba koyon karatu ba. Na biyu kuma shi ne wanda ya shafe ka kai tsaye: sun ga cewa inda aka saka masu amfani wajen tsara yadda wasan yake tafiya, matakansa da wahalarsa, an fi samun tasiri, inda kuma aka tambaye su kamanni kawai, wane launi, wane hoto, wace riga za a sa wa jarumin, nan ne abin bai tsinana ba. To mafi yawan masu cewa "mun yi da yara" na biyun nan suke yi, a tara yara a ce su zaɓi launi a ɗauki hoto a sa a rahoto. Kuma in kun gama komai sannan kuka kai makaranta, me ya rage da za ku iya canzawa in ba launin ba?

Sannan tsoronka na jarrabawa a cikin waya tsoro ne mai tushe, amma ba gudun malami ne maganinsa ba. Jacob Habgood da Shaaron Ainsworth a Ingila sun yi wani gem na koyar da rabawa a lissafi mai suna Zombie Division, suka kwatanta kala biyu nasa. A ɗaya, ƙwarangwal ne ke tunkaro ka da lamba a ƙirjinsa, ba za ka iya kayar da shi ba sai da makamin da lambarsa ke raba waccan, wato lissafin shi ne faɗan. A ɗayan kuma faɗa daban, in ka gama mataki sai a jero maka tambayoyin lissafi. Sakamakon da suka buga a 2011 ya nuna yaran sun fi koyo da na farkon, kuma da aka bar su su zaɓa da kansu sun daɗe a kansa ninki bakwai. Irin wannan haɗin ba mai zane shi kaɗai zai yi ba, ba malami shi kaɗai ba, sai wanda ya san ainihin inda yaro ke tuntuɓe a darasin ya zauna kusa da wanda ya san wasa tun ranar da ake tunanin me ɗan wasan zai riƙa yi da yatsansa.

Baban Hanifa:
Ni ba malami ba ne ba injiniya ba, ɗan kasuwa ne a Kwari, amma ina da yara uku kuma duk wannan lissafin naku ban ji an ambaci iyaye ba, alhali wayar ta wa ce? Ta uwar yaran ce, itel ko ƙaramar Tecno da hotunan biki suka cika ta, in abinku ya wuce mega ɗari ba za ta sauke ba, in ta sauke kuma ranar da waje ya ƙare shi za a fara gogewa. In yana buƙatar data kullum an gama. In talla na fitowa a ciki, wata tallar ma ba ta dace yaro ya gani ba, ranar da babansu ya gani ranar zai bar wayar. Sai kuma wani abu da na lura da shi wajen 'yata, akwai wani na koyon ABC da take yi ta tara taurari fal ni ina ta murna, ranar na zauna kusa da ita sai na ga ashe danna duka take yi ɗaya bayan ɗaya har ta dace, ko kallon harafin ba ta yi. Da masu shi sun zauna bayan yaro sun yi shiru suna kallo da sun gani.

Ɗan Zoo Road:
Baban Hanifa wannan na danne-dannen ya taɓa ni, don yadda muka tsara namu yanzu haka zai faru, babu abin da yaro zai rasa in ya danna kuskure. Dakta ya ake maganin wannan ba tare da an sa yaro ya ji tsoron kuskure ba?

Dakta (Tsangayar Ilimi):
Hanyoyi suna da yawa. In ya kuskure sau biyu a jere kar a bar shi ya ci gaba da caɓe, a rage zaɓin a sake furta masa sautin a nuna masa, sannan a dawo masa da wannan harafin an jima a wani wurin da an canza masa mazauni. Tauraro kuma a ba shi kan wanda ya samu a karon farko. Amma wanne ne zai yi aiki da yaranku, sai kun kalle su. Kuma kallo nake nufi, ban da tambaya. Yaron Bahaushe in baƙo babba ya tambaye shi "ya yi daɗi?" cewa zai yi e, ko da ya gundure shi, tarbiyya ce. Ku haɗa su bibbiyu ku koma gefe, abin da suke faɗa wa juna shi ne rahotonku. In an gama ku ajiye wayar ku ce wanda yake so ya ƙara ya ɗauka, wanda ba ya so ya je wasa, sai ku ga su nawa suka nufi ƙofa.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum mutanen Najeriya, ina biye da ku daga Zinder. Tambayata ita ce wace Hausar za ku sa? Don in kun ɗora a Play Store mu ma za mu sauke, kuma yaranmu ba duka suke jin wasu kalmominku ba, mu lakwal muke cewa, malamin boko mushe, sannan a rubutun da ake koyarwa nan ƙ da ɗ da ɓ duk ɗaya ne da naku amma inda kuke rubuta 'y mu harafi ne mai ƙugiya, ƴ. In kuma za ku ƙara lissafi da wasan shago nan gaba to ku sani mu da dala muke ƙirgen kuɗi, dala ɗaya sefa 5 ce, abin da aka rubuta 100 a jikinsa dala ashirin muke ce masa, yaro ya san wannan tun kafin ya shiga aji don shi ake aika sayen magi. In gem ya ce masa "ba ni ɗari" wani kuɗin daban zai ƙirga. Ban ce ku yi don mu ba, amma in kuna so mu shiga to ku nemi mushe ɗaya daga Maraɗi ko Zinder ko ta WhatsApp ne.

Mai_Zane:
To kun gani, abin da nake gudu ke nan. Yanzu an ce Kano, an ce Sakkwato, ga Damagaram, gobe mutanen Kumasi za su ce su ma, jibi Sudan. In za mu bi kowa ba za mu taɓa fitar da komai ba, mu huɗu ne fa jama'a.

Malamar Aji Biyu:
Ba wanda ya ce ku bi kowa. Ku zaɓi daidaitacciyar Hausa da ke cikin littattafan makaranta, amma wajen hotuna ku ɗauki kalmomin da ba a saɓani a kansu, kaza, doki, ƙofa, ɗaki, ido, wata. Gano waɗanda ake saɓani a kansu kuma aikin yini ɗaya ne, ku buga hotunan a takarda ku nuna wa yara ku ce mene ne wannan, duk hoton da aka ba ku suna biyu ku jefar. Kuma don Allah kar ku fara da A B C D a jere. Littattafan koyon karatu na yanzu irin na Mu Karanta da aka yi a Bauchi da Sakkwato da na RANA a Katsina da Zamfara ba haka suke tafiya ba, ana fara wa yaro da haruffan da suka fi yawa a magana irin a, n, k, m, don cikin 'yan kwanaki ya haɗa Nana, kaka, mama, ya ji ai shi ma ya iya karatu. Su ts da sh da ky da ƙw sai can gaba. Wani abu kuma ga mai sautinku, sifikar ƙaramar waya ba ta fitar da bambancin k da ƙ sosai, ko d da ɗ, ya gwada a irin wayar da Baban Hanifa ya faɗa a cikin hayaniya, ba da abin kunne a situdiyo ba.

Malam na Islamiyya:
Jazakumullahu khairan, muhawara mai amfani. Zan ƙara abu biyu. Yawancin yaran da kuke magana a kai sun fara da alif ba ta kafin boko, ko a makarantar allo ko a islamiyya, idonsu ya saba farawa daga dama. In ka ba shi "ka" da "za" ka ce ya jera kaza, wani sai ya jera maka zaka kuma shi a ransa daidai ya yi. Ba daƙiƙanci ba ne, sabo ne, sai a sa masa wata alama da ke nuna inda ake farawa har ya saba da biyun. Na biyu, ku nuna wa iyaye da malaman addini zanenku tun yana fensir. Na taɓa ganin wani da yaron cikin yake karɓar abu yana ci da hannun hagu, wani kuma kiɗa ne tun daga buɗewa har rufewa babu inda za ka kashe shi ka bar muryar. Ƙananan abubuwa ne a wajen mai haɗawa, amma su ne za su sa wani uban ya ce kar a ƙara buɗe masa wannan a gida. Shi ma ƙwarangwal ɗin Dakta ban ce a kawo mana shi nan ba 😅

Injiniya_Kd:
Ɗan Zoo Road kafin ku ci gaba kun duba gem ɗin koyon karatun nan Feed the Monster kuwa? Asalinsa gasa ce da gwamnatin Norway ta buɗe a 2016, EduApp4Syria, don yaran Siriya da yaƙi ya raba da makaranta su koyi karatun Larabci a wayar iyayensu. Abin da ya burge ni shi ne tun a matakin tankaɗe an ba yaran Siriya samfuran sun buga, ra'ayinsu ya shiga cikin zaɓen. Biyu suka fito a 2017, shi da Antura and the Letters, kuma kod ɗin a buɗe yake kowa zai iya ɗauka. Ƙungiyar Curious Learning ta juya shi zuwa harsuna da dama har da Hausa. Bankin Duniya ma ya yi gwaji da shi a ƙauyukan Kano da Jigawa, an raba wayoyi ta hanyar ƙuri'a ga gidajen da ke da yara 'yan 6 zuwa 9 da gem ɗin a ciki da littattafan karatu, rahoton da ya fito a 2023 ya nuna an samu ƙarin iya karatu da lissafi, har ga yayyen yaran. Ni da ni ne ku, shi zan fara ba wa yara goma in zauna ina kallon inda suke maƙalewa da inda suke dariya, kun samu darasi kyauta kafin ku rubuta layi ɗaya.

Akwai kuma gasar XPRIZE ta dala miliyan 15, ta ƙera manhajar da yara za su koyi karatu da kansu, da aka yi a yankin Tanga na Tanzaniya da Swahili, wata 15 yara na amfani da kwamfutocin hannu a ƙauyuka ana yi musu caji da sola, a 2019 tawagogin Kitkit School da onebillion suka raba babbar kyautar. Su ma kod ɗinsu a buɗe yake.

Tsohon Ɗalibin Khartoum:
Game da cewa yaro ba shi da abin bayarwa sai mota da bindiga, ban yarda ba. A Sudan aka fara shirin koyarwa ta gem mai suna Can't Wait to Learn na ƙungiyar War Child Holland, tare da ma'aikatar ilimi da Jami'ar Ahfad ta mata da ke Omdurman, don yaran ƙauyukan da babu makaranta. Ba a ce wa yaran su tsara darasin lissafi ba, wannan manhajar ma'aikata aka bi. An ce su zana garinsu ne su ba da labarin rayuwarsu, bukkoki, awaki, kasuwa, mai shago, daga nan masu zane suka gina duniyar gem ɗin, har bayanin darasi ma yara ne ke yi a bidiyo. Da aka kai shi Chadi da Uganda da Lebanon da Jodan ba a kwashi zanen Sudan an kai musu ba, sake zama aka yi da yaran can. Mai Zane wannan ai sauƙi ne a gare ka, maimakon ka zauna kana tunanin me yaron Ɗambatta ke gani in ya fito ƙofar gida, shi zai zana maka.

Dakta (Tsangayar Ilimi):
Daidai ne, amma a lura wannan ɓangaren kamanni ne, yana sa yaro ya ji abin nasa ne, ba shi ke koyar da shi ba. A yi shi, kar dai a tsaya a nan.

Hajiya Mai Ritaya:
'Ya'yana sannunku da ƙoƙari, Allah ya yi albarka. Na yi aikin duba makarantu har na ajiye, na ga kayan zamani iri-iri sun shigo da ɗoki sun ƙare a sito ƙura ta rufe su. Ba mu kaɗai ba, ƙasar Peru ta raba wa yara kwamfutocin One Laptop per Child sama da 800,000, binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙari a sakamakon lissafi da harshe ba. Na'ura ba ta shiga aji da ƙafarta, malami ke shigar da ita, in bai ga inda za ta zauna a darasinsa ba a kabad za ta kwana.

Abin da nake so in ja kunnenku a kai uku ne ko huɗu. Malamar nan da za ku ɗauko ku biya ta, ko kaɗan ne, ku kuma sa sunanta a cikin waɗanda suka yi aikin, an daɗe ana kwasar ilimin malaman firamare da lemo da biskit. Kar ku shiga makaranta ta taga, ku bi ta hedimasta, shi zai gaya muku ko sai kun je wajen sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, kuma a sanar da kwamitin SBMC, wato na iyaye da mutanen gari masu kula da makarantar. Iyaye su yarda kafin ku ɗauki muryar yaro ko hotonsa, dokar kare bayanai ta 2023 ma ta ce wanda bai kai 18 ba sai da amincewar iyaye ko mai riƙonsa. Sannan kar ku bari hedimasta ya zaɓo muku 'yan gaban aji masu ƙoƙari don kar a ji kunya, na bayan nan da ba sa magana su ne masu buƙatar abin naku, da mata, don in an ajiye waya ɗaya tsakanin yara mazan ke fizgewa. Shi kuma masani, Dakta ka yi haƙuri, a nemo wanda ƙafarsa ta taka aji ɗaya na gwamnati a shekarun nan, ba wanda rabonsa da firamare tun yana ɗalibi ba.

Dakta (Tsangayar Ilimi):
Hajiya ranki ya daɗe na karɓa, duk da dai muna zuwa duba ɗalibanmu masu koyon aikin koyarwa 😄 Amma zan kare 'yan uwana da abu ɗaya. Malami ya san ajinsa, masani kuma shi zai ce a auna yaran kafin a fara da bayan an gama, haruffa nawa yaro ke furtawa daidai a minti ɗaya, gaɓoɓi nawa, irin awon EGRA da ake gwada karatun 'yan ƙananan azuzuwa da shi, kuma a auna wasu yaran da ba su taɓa gem ɗin ba don a kwatanta. In ba haka ba kowa zai ce yara sun ji daɗi, jin daɗi kuwa ko katun yana ba su.

Mai_Zane:
To na ji duka, gwajin kwali da hotunan nan na yarda don ba za su ci mana komai ba. Amma har yanzu ba a amsa min ainihin damuwata ba, in malama ta ce a cire abu, yara kuma shi suka fi so, Dakta ya ce wani na uku, wa ke da maganar ƙarshe? Don ni ba zan zana abu sau biyar ba saboda kwamiti.

Ɗan Zoo Road:
Ni a ganina a raba tun yanzu a rubuta. Jerin haruffa da kalmomi da abin da ake kira daidai ko kuskure, na malama da masani ne, ba ma sa baki. Yadda wasan ke gudana da zane namu ne, sai in ya taɓa addini ko al'ada. In an yi saɓani kan wani abu ya yi wuya ko ya gundura, ba ra'ayin kowa, a kai wa yara kala biyun a gani.

Mai_Zane:
Kala biyu na nufin zane biyu, ka san da haka ko? Da fensir zan yi, ba zan sa launi ba sai an zaɓa.

Malamar Aji Biyu:
Fensir ɗin ma ya isa. In kun shirya ku yi min magana ta ciki in haɗa ku da hedimastanmu, amma ga sharaɗina tun yanzu. Ku zo da safe kafin tara, bayan an dawo daga tara hankalinsu ya rabu. Kar ku zo ku huɗu ku tsaya a kansu, biyu sun isa, ku zauna a ƙasa. Ban da kyamara a zuwan farko. Alawa in za ku kawo sai an gama, in kuka raba da farko duk abin da kuka nuna musu cewa za su yi ya yi kyau. Kuma Baban Hanifa in akwai tsohuwar wayar gida da ba a amfani da ita a ara musu, nasu duk manya ne.

Baban Hanifa:
Akwai ɗaya, gilashin ya ɗan tsage ta gefe amma tana yi. Su zo shago su karɓa, sai dai su nemi caja.